Ranar da Iya Ta Je Sallama

Ƙarar ƙarfe ce ta tuno mini. Ranar yawon sallar da ta wuce na kai yarana wani ɗan filin wasa a nan Dutse, irin wanda ake kewayewa da kwano, a kafa lilo biyu da dokin roba, a ce maka wurin shaƙatawa ne. Rana ta take, ƙafafuna sun gaji, aljihuna ya fi su gajiya. Na samu gindin darbejiya na zauna ina jira su gama. Lilon nan ya daɗe rabonsa da mai, duk juyin da zai yi sai ya yi kuka kamar ƙyauren tsohon shago. Ina cikin sauraren kukan nan sai na tsinci kaina a aji biyu na ƙaramar sakandare, cikin wata bazara mai zafi, da takardar wani aikin gida a hannuna.

Malamin da ke koya mana darasin kasuwanci ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, siriri mai fara'a, Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Zafin garinmu ya ba shi wahala, kullum da gorar ruwa a hammata, amma yana son aikinsa. Wata rana ya shigo da wasu takardu masu sheƙi ya manna a allo. Hotunan wani katafaren wurin wasa ne a Dubai. Ga wani ɗan jirgin ƙasa da ke hawa sama a kan dogo ya kifa da mutane kai a ƙasa, ga wata ƙatuwar ƙafar keke da ta fi hasumiyar masallaci tsawo mutane na zaune a jikinta, ga ruwa shuɗi yara suna sulalowa cikinsa. Ya ce kowa ya ɗauka an ba shi miliyoyin naira, ya tsara yadda zai kai mutanen gidansu hutu can: kuɗin jirgi, masauki, abinci, tikitin shiga. A rubuta sunayen masu tafiya, a yi kasafi, kada a wuce abin da aka bayar. So yake mu koyi auna kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba. Bai dai san gidajen da takardar za ta shiga ba.

A gidanmu na Limawa tafiya iri-iri ce, kuma kowacce an san ta. Akwai ta biki, akwai ta ta'aziyya, akwai ta asibiti, akwai cin rani, sai babbar, aikin hajji, wadda ba a taɓa yi ba a gidan. Amma mutum ya ɗauki ƙafa ya ƙetare teku don kawai a juya shi a lilo, wannan ba mu da gurbinsa. Da na nuna wa Baba, yana kan keken ɗinkinsa a zaure, ko kai bai ɗago sosai ba. Ya ce yawon buɗe ido, sai ka ce idon a rufe yake, in je in yi aikina in bar shi ya gama rigar mutane.

Sai na tafi inda na saba yin aikin gida, ƙofar ɗakin Iya.

Iya ita ta haifi Baba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai kaifin harshe, sana'arta daddawa. Tun daga zaure za ka ji warin kalwa tana dahuwa, zanenta da tabarmarta da mu jikokinta duk mun ɗauki warin. Sa'o'inta a unguwa kusan duk Hajiya ake ce musu, wasu 'ya'yansu suka biya, wasu rabo ya kai su. Ita tana nan Iya. Ba ta taɓa kokawa ba, sai dai in lokacin tashin alhazai ya zo takan yi shiru fiye da kullum. Ni take kira maigida, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, tana cewa ta auri mijin da bai taɓa ba ta ko kuɗin gishiri ba.

Tana ɓarzar kalwa ina rubutu, sai ta ji ina karanta sunaye a hankali, har da nata. Ta tsaya.

"Maigida, me kake rubuta ni a ciki?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce aikin makaranta ne, lissafi ne kawai, ba inda za a je, ba kuɗin da aka ba kowa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambayi wanda ya sa a rubuta. Na ce malaminmu. Ta ce na gwamnati? Na ce e.

"To malami ba ya sa a rubuta ƙarya," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Kada ka yi mata dariya, mai karatu, don ita ma da hujjarta. An taɓa zuwa an rubuta sunanta, gidan sauro ya biyo baya. An rubuta sunanta, an ba ta taki. An rubuta sunanta, aka ɗauke ta a mota aka yi mata aikin ido kyauta. A rayuwarta ba a taɓa sa sunanta a takardar hukuma abin ya tashi a banza ba, sai dai ya yi jinkiri. Kuma duk lokacin, akwai wanda ya ce mata kada ta sa rai.

Hotunan ba su burge ta ba. Ta daɗe tana kallon mutanen da aka kifar, ta ce wato mutum da hankalinsa ya biya kuɗi a zazzage masa tuwon cikinsa. Abin da ta so ta sani shi ne ina garin yake. Na ɗauko littafin taswira na nuna mata. Ta ce ina Makka? Na nuna. A takardar nan tsakaninsu bai kai gaɓar yatsa ba. Ta ɗora yatsanta mai baƙin kalwa ta auna, ta sake aunawa. Daga nan ta ce mu mu je mu hau lilonmu, ita a ajiye ta a bakin ƙofa, ta fuskanci can, iskar da ta taso daga wajen ma ta ishe ta. In kuma an samu mota mai zuwa, ai ba za a rasa mai tausayin tsohuwa ba.

Tun daga ranar kasafin ya bar hannuna. Kullum na dawo makaranta, rana na dukan duwatsun garin suna mayar mana da zafin, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga ta ce in ɗauko takardar. Mutum biyar na rubuta, ta ce ba a tafiya irin wannan a bar makwabciyarmu da mijinta ya rasu. Ta ce a sa guzuri: dakuwa, dambun nama, garin kunu, yaji, da daddawarta, don ba ta cin miyar da ba ta san hannun da ya kaɗa ta ba. Ta ce a ware na sadakar waina ranar Juma'a kafin a tashi. Sai tsaraba. Nan ne kuɗin malam suka ga ta kansu. Gida-gida ta bi layinmu da baki, wannan carbi, wannan turare, wannan ɗankwali, limamin unguwa jallabiya, yara alawa. In na ce kuɗin ba za su kai ba sai ta ce in rage wani wajen. Na sauke mu daga babban otal zuwa ƙarami, na cusa mu ɗaki biyu, na soke shuɗin ruwan, na soke ƙafar keken. Daga ƙarshe wurin wasan da aka ce mu tsara tafiyar dominsa layi ɗaya ya rage masa a ƙasan shafi.

Ni kam na gaji da cewa wasa ne. Na faɗa da safe, na faɗa da yamma, har na daina. Baba ma ya gwada sau ɗaya, ya ce Iya lissafi ne fa kawai ake koya musu. Ta ce komai da lissafi yake farawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta sa Inna, mahaifiyata, ta wanke mata farin mayafinta, ta ninke ta sa a ƙasan adaka.

Sai wata safiya ta ce za ta Jahun, wajen Auta.

Auta ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ya rage mata. Tsoho ne mai furfura, amma a bakinta bai taɓa tashi daga Auta ba, in ma ta ambace shi ke nan, don tun kafin a haife ni ba sa magana. Ɗorawa ce ta raba su. A gonar gadonsu da ke wani ƙauye bayan Jahun akwai wata babbar ɗorawa, mahaifinsu ya ce ta Iya ce, daga ita take samun kalwar sana'arta. Wata shekara Auta ya ce inuwarta na kashe masa gero, ya sare ta bai shawarci kowa ba. Iya ta je ta ga kututture, ta juyo, ba ta sake taka garin ba. An yi bukukuwa, an yi mutuwa, an aiko dattawa, ta ce ita ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta dai da abin cewa. Baba ne ya sha wahalar abin. Duk salla shi kaɗai yake zuwa gaida kawunsa, ya dawo da gaisuwar da ba a amsawa, har ya gaji ya daina isar da ita.

Amma a wajen su Iya akwai abin da ba a tsallakewa. Mutum ba ya yin doguwar tafiya, balle wadda za a ƙetare ruwa, da haƙƙin wani a wuyansa ko nasa a wuyan wani. Sai ya bi 'yan uwa da makwabta ya yi sallama, ya nemi yafiya, shi ma ya yafe. Ko maƙiyinka ne sai ka je ƙofarsa, don ba ka san ko ganin ƙarshe ke nan ba.

Na ji Inna da Baba suna magana ƙasa-ƙasa a bakin murhu. Inna ta ce alhaki ne a bar tsohuwa ta hau mota a kan abin da babu shi, a zaunar da ita a faɗa mata da gaske. Baba ya ce shi bai yi mata ƙarya ba, yaron ma bai yi mata ba. Ya ce shekarun da ya yi yana roƙon Allah ya ga wannan rana sun fi shekarun yaron a duniya. A bari ta je ta dawo, in ya so kowane irin zagi ne shi zai ɗauka.

Ni aka haɗa ta da ni. Motar Jahun ta cika maƙil, ga buhuna, ga akuya a bayanmu, Iya ta ƙanƙame ƙullin daddawarta har muka isa. Daga kasuwa muka samu amalanken wani mutumin ƙauyen da zai koma gida. Gonaki duk an yi sharar su ana jiran ruwa, ƙasa fari fat, sama ta yi nauyi da hadarin da ba ya zuba. Da muka zo daidai wata gona Iya ta kau da kai gefe guda, ni kuwa na duba, na ga wani baƙin kututture da gara ta cinye rabinsa.

Mun sami Auta a rumfar ƙofar gida yana tufka igiya. Ya ɗago ya gan ta, igiyar ta zame daga hannunsa. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Iya ba ta zauna ba, ba ta jira an kawo ruwa ba.

"Auta, sallama na zo yi maka. An rubuta ni, zan ƙetare ruwa, can kusa da ɗakin Allah. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe ni."

Ita ce babba, ita aka yi wa laifi, ita kuma ta zo. Wannan ne ya karya tsohon. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin mai furfura yana kuka ba sai ranar, kuma na ji tsoro.

"Yaya, ni na sare ta. Ni ya kamata in zo. Kunya ce ta hana ni, wallahi kunya ce."

"Itace ne," in ji Iya. "Na yafe. Matsa in zauna, ƙafata ciwo take."

Sun wuni a rumfar nan suna lissafa waɗanda suka mutu. Matan gidan suka yi ta leƙowa, aka yanka zabo, aka dama fura. Da za mu taho ya cika mata ƙwarya da ƙwan zabi, ya ce guzuri, ya roƙe ta in ta samu isa ta ambaci sunansa da na iyayensu. Ya ce kuma a aiko masa ranar tashi, shi zai raka ta tasha da ƙafarsa. A hanyar dawowa Iya ta yi barci a kafaɗata, ni kuwa ban runtsa ba, don na san abin da ke jiranmu.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka Iya za ta Makka ta hanyar makarantar jikanta. Mata suka fara shigowa, wannan da ɗan kuɗi a ƙulle a bakin zane, wannan da sabulu, kowacce da saƙon addu'arta. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Baba kullum sai ya ce gobe. Ana cikin gobe-goben nan aka dawo mana da takardunmu a makaranta, kuma a yammacin ranar, ruwan farko ya ɗan yayyafa ƙasa tana ƙamshi, sai ga Auta ya yi sallama a zaure. Ya ce shiru ya yi yawa, ya zo ya ji ranar da kansa. Rabonsa da gidanmu tun bikin Baba.

Ba sauran wurin ɓuya. Baba ya durƙusa a gabansu su biyu, ya faɗi komai, a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce babu jirgi, babu kuɗi, ba a taɓa yin su ba. Ya ce ya sani tun farko ya bar ta ta je.

Iya tana tsince kalwa a faifai, ba ta daina ba. Ta tsince, ta tsince, har na ƙosa wani ya yi tari. Abin da nake tsoro, kuma na ga Baba ma shi yake tsoro, kada ta ga an mayar da ita abin wasa ta haɗa da Auta a cikin fushin, ko shi ya ɗauka dabara aka shirya masa. Can ta ajiye faifan.

"To Auta, ka ji. An fasa. Sai ka ba ni yafiyata in ba ka taka."

"Ai na riga na cinye, Yaya," in ji shi. "Ko ƙwan zabin ma ba zan karɓa ba."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Idonta dai ya kawo ruwa, kuma ba na Auta ba ne, na san na mene ne. Don ta kau da zancen sai ta juyo kaina, ta ce maigida, shi malamin naka me ya ce da aikin namu? Na ce ya ba ni maki kaɗan. Ya ja jan layi ya ce na ƙarar da kuɗin a guzuri da tsaraba, ban ware na jirgin dawowa ba. Gaskiyarsa ce, ni ma sai da ya nuna na lura. Ya rubuta a gefe cewa in babu kuɗin dawowa, wa zai kawo tsarabar?

"Yaro ne," in ji Iya. "Wa yake lissafin dawowa? Dawowa ta Allah ce. Tsaraba kuwa ko mutum bai dawo ba, abokan tafiyarsa suna kawo jakarsa gida."

Washegari ta yafa mayafi ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ta mayar wa kowa abinsa, ba ta yarda an aike ni ba. An yi mata dariya, na ji da kunnena, har wasu suka riƙa kiranta Hajiyar makaranta a bayan ido. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Baba magana ba, shi kuma ya ɗauka kamar yadda ya yi alkawari. Ba ta je Makka ba har ta koma ga Allah, tana nan Iya. Amma a 'yan shekarun da suka rage mata, duk kaka sai amalanke ya tsaya a ƙofar gidanmu da damin gero daga ƙauye, kuma ranar da aka ɗauke ta Auta ne a gaban makara, da sandarsa, ana riƙe da shi.

Yanzu ni ma na fara furfura. Aikin ofis nake yi, in an tura ni Abuja ko Kaduna sai in cike takardar kuɗin zuwa da dawowa tun kafin in tashi, in fita da jaka yara suna barci, in na isa in aiko saƙo a waya. Kowa ma haka yake yi. Tafiya ta yi sauƙi, ta yi yawa, ba wanda ke ganin ta isa a bi gidaje dominta. Akwai makwabcina, katangarmu ɗaya, mun samu saɓani a kan kwata tun daminar da ta wuce waccan. Kwanakin baya ya tafi Umra, a hoton waya na gani, yana sanye da harami yana murmushi. Da na ji zancen tafiyar na yi ta sauraren ƙofa ko zai zo sallama, kafin in gane ya riga ya tashi. Ya je, ya dawo lafiya, ya aiko wa yarana dabino a leda, kuma har yau in mun haɗu a bakin masallaci kowa takalminsa yake dubawa.